Ja ko Koriya

Unguwar Gabas, Sabon Gari, Zariya
Farkon damina

Reuben,

Tun kafin gaisuwa riƙe wannan. Ya shigo gida ɗan firit ta ƙofar zaure, ya yi girma a tsakar gida, ƙofar da ya shigo ta gagare shi fita. Mene ne? In ka sani ka faɗa. In ka kasa ka ba ni gari, yadda kake yi kana yaro da majina a hanci.

To yanzu sannu, angona da ya gudu ya bar amarya da jiran tsammani. Ina gajiya? Ina sanyin Ingila? Yaya tsofaffin Turawan da kake ɗagawa kana kwantarwa? Mu nan sai godiyar Ubangiji. Gwiwata tana nan da halinta. Kunnena kuwa ya ƙara nisa, don haka ka daina kirana a waya kana ihu ina "eh? eh?" Ka rubuto. Ni ma zan riƙa rubutawa da ɗan ajin da na yi, Maman Miracle mai hayar ɗakin baya ta ɗauki hoton takardar ta tura maka. Taka kuma in ta zo wayarta sai ta kai bakin kasuwa a buga mini da manyan baƙaƙe.

Kakanka yana gaishe ka. Ƙarya nake yi, ba ya gaida kowa. Tun da ciwon nan ya taɓa masa ɓarin hagu bara, likitan gashin ƙashi ya ce ƙafar za ta taka in ya so, hannun ma zai kama, amma in ya ci gaba da kwanciya to kwanciyar ce za ta riƙe shi. Shi kuma bai so ba. Ya juya fuska bango. Fasto ya zo ya yi addu'a, ya ce amin yana kallon bango. Na yi masa fate da yakuwa da gyaɗa, ya ɗan taɓa ya ture. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, yana kwance injin jirgi yana ɗaurawa, yau cokali ya yi masa nauyi.

Ana haka sai ga hotunan nan naka na motoci biyu, ja da koriya, da ka ce ana sayar da su a wargaje cikin akwatuna, mutum ya haɗa abarsa a gida a kan ƙashin tsohuwar mota. Ni da na gani cewa na yi, wannan ai kwalekwale ne aka sa wa taya. Ba rufi, kujera biyu tak, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi titi. Ina za a sa buhun masara? Na ajiye masa takardun kusa da kofin magani na fita abina. Ina cikin tankaɗe sai na ji, "Ke! Ina tabarauna?"

Reuben, rabon da mutumin nan ya ce mini "ke" da ƙarfi haka tun kafin ciwon. Sai da na nemi wuri na zauna.

Ya ce in tambaye ka abu biyu. Wane inji suke so? Kuma bodin, a dunƙule yake zuwa ko a rarrabe? Ya maimaita na biyun har na ce masa kunnena ne ya mutu, ba ƙwaƙwalwata ba.

Ka rubuto da wuri, kafin ya tuna da bango.

Kakarka kuma uwargidanka,
Doguwa


Bamingam, Ingila

Kaka,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ke da Baba Abarshi. Ina gwiwa? Kina shafa man da na aiko ko kin rabar wa matan zumunta? Ni lafiya lau, sai dai gajiya. Ma'aikata sun yi ƙaranci a gidan tsofaffin, in na gama nawa sai a roƙe ni in riƙe na wani. Bayana ya fara magana irin ta gwiwarki.

Na ji daɗin labarin tabarau ƙwarai. Ki gaya wa Baba haka. Motocin kwaikwayon wata motar tsere ce ta zamanin da, ba ainihinta ba. Wani tsoho da nake kula da shi ne ya nuna mini hoton wadda ya haɗa a garejinsa, duk ranar da ya ɗauko hoton sai ya cinye abincinsa tas. Shi ya sa na tuna da Baba. Duka biyun a kan shasi, wato ƙashin mota, da injin Bosuwaja ake ɗora su, irin tamu ta gida. A cire tsohon bodi a ɗora sabo.

Bambancin shi ne, ja bodinta a dunƙule yake, zubi ɗaya, da roba mai tauri irin ta tankin ruwa, har da fenti. Maza su ɗaga su aza, a ɗaure notoci, an kusa gamawa. Koriya kuwa komai daban yake zuwa, ƙofa daban, hanci daban, murfin kowace taya daban. Sai an huda, an goge, an gwada, an sake kwancewa. Masu lafiya ma tana cin su shekaru. Da hannun Baba, ja ce daidai. Ina so in ga ya ja ta da kansa har Samaru, kina gefe, ɗankwalinki yana tashi sama.

Af, Bosuwajar tana nan a rumfar baya?

Kacici-kacicinki kuwa ai ke ce. An ce siririya kika shigo gidan, ga shi yanzu sai kin karkace kike wuce zaure. In ban canka ba na ba ki Kaduna.

Angonki,
Reuben


Unguwar Gabas
Masara ta fara bunƙasa

Ɗan nema,

Na ga takardarka, na gode, Allah ya sa wa bayanka sauƙi. Man yana nan, rabi na shafa, rabi Maman Fasto. Ni ce na yi ƙiba? Za ka zo ka same ni. Ba ka canka ba, kuma Kaduna ka riƙe abarka, hayaniya ta yi mata yawa.

Bosuwaja ba ta gida. Tun da muka gina ɗakin haya a baya aka kai ta Samaru wurin Chuks, yaron kakanka a garejin da ya buɗe bayan ya bar loko, wanda yanzu shi ma furfura ta cika masa kai. Kakanka ya tasa ni gaba sai na je na gano masa ita. Na hau adaidaita da ni da wasu ɗalibai mata, suna ta surutu rabi Hausa rabi Turanci, kowane rami muka faɗa sai gwiwata ta ambaci sunanka.

Ka ji aiken da aka yi mini. Wai in ƙwanƙwasa ƙasan motar da makulli in ji ko ya ruɓe. Ni da ba na jin kiran coci! Wai in zaro sandar mai in sunsuna. Na tarar da ita a bayan shagon Chuks ƙarƙashin mangwaro, tayoyi sun zauna, kaza ta yi ƙwai a kujerar da nake zama. Chuks ya ga ina durƙuso ina sunsunar ƙarfe ya riƙe baki.

"Mama, lafiya? Wa ya aiko ki?"

"Oganka."

"Oga Abarshi? Oga ya yi magana?"

"Har da masifa."

Sai ga babban mutum ido ya kawo ruwa. Ya shiga ƙarƙashinta da kayansa masu kyau, ya fito ya ce ƙasan garau yake, injin ma in an lallaɓa shi zai tashi. Ya kwanto kafireto, abin da ke ba inji mai, ya naɗe a jarida ya ce, "Kai wa Oga, ya san abin da zai yi da shi."

Ya kuwa sani. Yau kwana da kwanaki yana zaune a bakin gado, a zaune na ce maka, yana wanke shi da kananzir a cikin kwanona na silba na cin tuwon baƙi. Yana matse shi tsakanin gwiwoyi, yana aiki da dama, hagun yana kwance a cinya kamar baƙo. Jiya ƙaramin noti ya gangara, sai na ga yatsun hagun sun bi shi. Na kau da kai, kada in kore su.

Na karanta masa bayaninka. Ya ce koriya. Na ce yaron ya ce ja ta fi sauƙi. Ya ce, "Ki gaya masa ni ba a ba ni mota a dafe." Na sake lallaɓawa, ya ce ja ba za ta yi a gidan nan ba, ya ci gaba da goge-gogensa.

Amma kai ma na ji gajiya a takardarka, har rubutun ya sunkuya. Kada ka wahalar da kanka saboda mu. Mu tsofaffi ne, mun ci zamaninmu. In abin ya yi maka nauyi ka bar shi kawai.

Doguwa


Bamingam

Kaka,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, an canja mini wurin aiki, sai na hau bas biyu kafin in isa, in na dawo ko takalmi ba na iya cirewa.

Na gode da kika fahimce ni. Gaskiya abin ya fi yadda na zata, ga jigila a jirgin ruwa, ga kwastan a Legas. Koriyar kuma akwatunanta sun fi yawa, kuma tsakani da Allah ban ga yadda Baba zai gama ta ba. Ba na so in aiko abin da zai tsaya a rabi ya zame masa baƙin ciki. Tunda kin ce in bari, bari mu ɗaga maganar zuwa baɗi, in ya ƙara samun ƙarfi sai mu sake dubawa.

Ki gaida Chuks. Kacici-kacicin ban samu zama a kansa ba. Na ba ki Kano.

Reuben


Unguwar Gabas
Ƙarshen damina

Reuben,

Muna gaisuwa. Lafiya ba laifi.

Yau ba ango ba amarya, ban da ƙarfin wasa.

Na jira takardarka har masara ta nuna aka karye. Kullum kakanka sai ya ce, "Yaron ya rubuto?" in ce masa hanya ce. Da ta zo na ɓoye ta a ƙarƙashin Littafi, na manta mutumin yanzu yana da tabarau. Na dawo daga kasuwa na tarar ya karanta. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya naɗe kafireton a tsumma ya tura ƙarƙashin gado, ya miƙo mini kwanona ya ce in wanke, an gama da shi. Ya koma bango.

Yaushe ka zama Bature, Reuben? A gidan nan ka girma. In baƙo ya ce ya ƙoshi, ɗauke kwanon ake yi? Ƙara masa miya ake yi. Na ce kada ka wahalar da kanka don haka ake faɗa, kai kuma sai ka ce haba Kaka, wace wahala. Haka aka saba. Ban san can sun wanke maka kunne har ka fara jin magana yadda aka faɗe ta ba.

To bari in yi maka irin tasu, tunda ita kake ji yanzu. Ina so ka wahala. Ka sayi koriya ka aiko.

Ka ce ba ka ga yadda zai gama ta ba. Wa ya roƙe ka ya gama? Ja in ta zo, Chuks da yaransa za su aza ta a yini ɗaya, shi ba ruwansa, kamar an zo gyaran gidan maƙwabta. Daga nan sai me? Kakanka ba gudu yake nema ba, ya yi gudunsa. Abin da zai tashe shi da safe yake nema, wanda in bai tashi ba ba mai yi.

Na san ka gaji. Ni ma tsoho nake ɗagawa, ni ma ina juya shi ina shafa masa mai a baya kada ya yi gyambo. Bambancina da kai, ni ba mai karɓata in na gama. Da yana zama a bakin gado da kansa, bayana ya ɗan huta. Yanzu mun koma gidan jiya, kuma likitan ya duba ƙafar ya girgiza kai.

In da gaske ba hali, ka faɗa mini ba hali, zan san abin da zan gaya masa. Amma kada ka ce ni na ce.

Kano ma ba na so. Ba inda za ni.

Kakarka


Bamingam

Kakata, uwargidana,

Ina gaisuwa da neman gafara. Yaya jikin Baba? Yaya bayanki?

A ɗakin shan shayi na wurin aiki na karanta takardarki. Wata abokiyar aikina, Bolanle, ta ga fuskata ta ce ko rasuwa aka yi. Na ba ta labari. Ta ce, "Kakarka ta ce kada ka damu, kai kuma sai ka daina damuwa? A wane gari aka haife ka?" Kin ga har Bayarabiya ta tsaya miki.

Gaskiyar ita ce na ji abin da kike nufi tun farko. Gajiya ce ta sa na kama maganar a yadda ta zo, don ta ba ni hutu.

Na sayi koriya. An ɗaure akwatunan, sun hau jirgin ruwa, wani ɗan cocinmu da ya saba fito da kaya a Legas zai karɓa ya ɗoro su a mota zuwa Zariya. Ki nuna wa Baba hoton da na haɗo, ga sunansa nan a jikin kowane akwati. Ki gaya masa littafin haɗawar ya yi kaurin Littafinki, kuma na ji an ce rabin abin da ke ciki sai mutum ya gyara da kansa. Na san wannan zai yi masa daɗi.

Na yi magana da Chuks, zai cire tsohon bodin ya kawo shasin da injin gida. Ki sa a share wajen ƙofar baya inda mota ke shiga, a gyara ƙyauren in ya yi tsatsa.

Na kuma nemi hutun Kirsimeti, an ba ni. Akwai wuraren da sai an riƙe ta ciki ana ɗaurewa ta waje, ni zan zama hannun hagunsa kafin nasa ya gama shawara. Ko ba ta kammalu ba bana, wata shekarar sai mun kai ki Samaru a cikinta.

Kacici-kacicin ya gagare ni. Na ba ki Zariya. Da kaina zan kawo miki.

Angonki mai laifi,
Reuben


Unguwar Gabas
Ana shirin Kirsimeti

Angona,

Sannu da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Ina bayan? Ni gwiwa ta ce in gaishe ka. Na gaji, amma irin gajiyar da ake barci a kanta.

Kaya sun iso. Unguwa ta cika, har da masu cewa firji ne, masu cewa kayan coci ne. Aka riƙa shigo da akwatunan ta zaure ɗaya bayan ɗaya. Shasin kuwa tun makon da ya wuce Chuks ya kawo shi, ba taya ba inji, suka karkata shi a kan gefensa kamar za a shigo da gado, suna "a hankali, a hankali", har ya ɗebe mini farar ƙasar bango. Injin a baro ya shigo.

Kakanka yana jin ƙarar ƙarfe a tsakar gida ya ce su wane ne ke jan shasi a kan siminti kamar buhun gawayi. Na ce fito ka hana su. Ya ce miƙo mini sandar.

Ya fito, Reuben. Yana jan ƙafar, yana zagin sandar, yana zagina, amma ya fito. Na kifa masa turmi ya zauna. Chuks ya durƙusa zai gaishe shi, ya ce, "Tashi, wa ya koya maka ajiye inji a ƙasa ba katako?" Chuks yana dariya yana share ido.

Yanzu kullum kafin in gama ɗumame yana waje. Ya baje ƙarafa a kan tabarmata, ya hana kaji sakat, ya hana ni shanya. Littafin haɗawar ya ce wanda ya rubuta shi bai taɓa riƙe sifana ba. Hagun ya fara danne ƙarfe in dama tana hudawa, ba ƙarfi sosai, yana kuɓucewa, in ya kuɓuce ya yi tsaki ya sake. Fate kuwa har ƙari yake nema. Ya ce in gaya maka ka taho da ƙananan bakin abin huda ƙarfe, na nan ba su da kyau.

Zariya na karɓa. Tunda ka ba ni garin da nake so, kuma Maman Miracle ta nuna mini hoton tikitinka, ba damar fasawa, to zauna ka ji.

Ka ce a share ƙofar baya. Wace ƙofar baya? Ai a kanta aka gina ɗakin haya. Inda ƙyauren yake a da, nan gadon Maman Miracle yake yanzu. Gidan nan ba shi da wata ƙofa sai zaure. Shi ya sa kakanka ya fara da tambayar ko bodin a dunƙule yake. Ja ko shigowa ba za ta yi ba, sai dai a haɗa ta a Samaru, inda ƙafarsa ba za ta kai shi kullum ba. Da na faɗa maka tun farkon damina, da ka ce aikin banza ne, motar da ba za ta hau titi ba. Ni kuma ga tsoho a kwance.

Shekaranjiya na zauna kusa da shi ina tsinke zogale, na ce, "Maigida, in kun gama wannan abar, ta ina za ta fita?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Wa ya ce miki ita ce za ta fita? Ni ne zan fita. Miƙo mini sifana mai lamba goma sha ukun can."

Na miƙa masa sha biyu, don in ji ya sake ce mini "ke".

Samaru kuwa in ka zo ka kai ni a adaidaita, ɗankwalina zai tashi ko a nan.

Ga amsarka. Motar kakanka ce. Ƙofar zauren gidan nan kamu biyu ce, ita kuma in an gama haɗa ta kamu uku da rabi ce.

Kakarka,
Doguwa